Koren ruwan da ya haska jijiyar bayan Babana

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kai da abokan aikinka, Allah shi ƙara basira. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu, kuma ka yi haƙuri wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, magana ce da ta daɗe tana cin raina, a kan wata cutar laka, wato jijiyar cikin ƙashin baya, da ke kashe ƙafafun dattawa, duk sanda na ga dattijo yana jan ƙafa zuwa masallaci sai gabana ya faɗi, na ce gara in rubuta ko Allah zai sa wani gida su karanta tun da sauran lokaci.

Ni malamin makaranta ne a nan Sakkwato, kimiyya nake koyarwa a sakandare, ba likita ba ne ni. Abin da zan faɗa abin da na gani ne da idona a jikin mahaifina, da abin da likitoci sunka zaunar da ni sunka yi mani bayani, da wanda na bi na karanta a dararen jinya lokacin da barci ya ƙi zuwa.

Baba ɗan kasuwar albasa ne, yana da shekara 58 lokacin da abin ya fara. Mutum ne da bai san zama ba, sai ya tafi Wurno ko Goronyo ya sari albasa tun a gona, ya tsaya a kan 'yan dako har a cika mota, ya dawo gida Mabera kuma bai rasa isha'i a jam'i. A sallar asham abin ya fara nunawa, in liman ya ja karatu sai ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi kamar an ɗaura mashi buhun yashi, in ya zauna ya huta sai su sake. Kowa ya ce azumi ne da gajiya, shi ma haka ya ɗauka. Bayan salla abin bai tafi ba, tafiyar da da yake yi ba tare da ya sani ba ta koma sai ya tsaya sau biyu sau uku yana dafa bango.

Ranar da hankalina ya fara tashi ba zan manta ta ba. Lokacin bazara ne, wanda ya san zafin Sakkwato ya san ko akuya ba ta son taka ƙasa da azahar, sai ga Baba ya shigo gida daga masallaci ƙafarsa ta hagu ba takalmi. Ƙanwata ta ce Baba ina silifas ɗinka ɗaya? Ya duba ƙasa ya yi shiru. Bai san ya fita ba, kuma bai ji zafin ƙasar da ya tako ba. Yaro ya koma ya tsinto takalmin can wajen kwalbati, tafiyar da ta fi gida goma. Da daddare ya kira ni ya ce mani a hankali, "wanga abu ba gajiya ta ba."

Daga nan munka shiga yawon da kowane gida a ƙasar nan ya sani. Mai kemis ya ce sanyi ne ya ba da ƙwayoyi. Wanzami ya zo ya yi ƙaho a ƙugu. 'Yan uwa sunka ce ai kasuwa ce, ya taka wani abu da anka ajiye mashi, anka shiga karɓo rubutu da tofi da hayaƙi. Ni ban raina addu'a ba wallahi, ita ta riƙe mu, amma watanni sun tafi a cikin zargin mutanen da ba su ji ba su gani ba, har akwai abokin cinikinsa na shekara ashirin da anka daina gaisawa da shi a kan wannan zargi, har gobe ina jin nauyin abin. A wani ƙaramin asibiti anka ɗauki hoton ƙashin ƙugu anka ce ƙashi ne ya ci saboda tsufa da ɗaukar kaya. Anka auna suga ba shi da ita. Duk wannan lokaci ashe akwai abin da Baba ya ɓoye saboda kunya, fitsari ya fara yi mashi gardama, wani lokaci ya ƙi fita, wani lokaci ya kufce kafin ya kai bayi, ga kuma bayan gida da sai ya yi kwanaki. Inna ce ta kira ni gefe ta faɗa mani, ita ma sai da ta yi ta kwana-kwana kafin ta iya furtawa. Da munka faɗi wannan a wani wurin sai anka ce to ai matsalar mafitsara ce irin ta dattawa, anka raba ciwon gida biyu, ƙafa daban fitsari daban, alhali tushensu ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne allurar da wani ya yi mashi a gida, irin maganin nan na rage kumburi da ake ce ma deksa, wai don ƙafar ta saki. Da yamma anka yi ta, da asuba Baba ya kasa tashi daga kan katifa, mu biyu munka ɗaga shi. Sai daga baya likita ya gaya mani sanannen abu ne a wannan cuta, irin waɗannan magunguna suna iya sa mai ita ya rikice cikin sa'o'i. Mu ba mu sani ba, mai allurar ma bai sani ba, taimako ya yi nufi.

Wata goma sha tara cif da farawar abin kafin munka faɗa hannun wani likita matashi, Allah shi saka mashi da alheri shi da iyayensa. Bai yi gaggawa ba. Ya ce, Baba in ka yi tafiya abin ƙaruwa yake ko raguwa? Ya ce, Baba ka yi haƙuri zan tambaye ka maganar fitsari da ta iyali, ɗanka shi fita waje in kana so. Ya ɗauki tsinke yana ɗan caka mashi tun daga tafin ƙafa yana hawa sama, sai da ya kai kusan cibiya Baba ya ce ya ji. Sai ya ce wannan ba ƙashi ba ne, laka ce, a je a yi hoton MRI, kuma ya ja kunnena kada a tsaya a ƙugu kaɗai, a ɗauko har tsakiyar baya. Da hoton ya fito ya ɗora shi a kwamfuta ya nuna mani lakar ta kumbura ta yi fari daga tsakiyar baya zuwa ƙasa, a bayanta kuma ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe sun jeru suna murɗewa kamar tsutsotsi. Ya ce waɗannan jijiyoyin jini ne da sunka kumbura, bai kamata a gan su haka ba.

Malam Edita bari in faɗi cutar yadda na faɗa ma Baba ita, don da harshen fadama ya gane. Zuciya ita ce injin ban ruwa. Akwai jijiyoyin da ke kai jini da ƙarfi kamar bututun da ya fito daga inji, akwai kuma masu kwashe jinin da ya gama aiki su mayar, su kamar lambatun da ke fitar da ruwa daga fage ne, a hankali suke gudu ba ƙarfi. To ka ce wani ya zo ya huda bututun inji ya haɗa shi kai tsaye da lambatu. Lambatun zai cika ya tumbatsa, ruwan da ke cikin fage ya rasa inda zai fita, ya kwanta, albasa ta fara ruɓewa daga saiwa alhali ganye na nan kore. Haka lakar Baba ta zama. A jikin fatar nan mai kauri da ta lulluɓe laka kamar jaka, daidai inda jijiyar motsi ke fita, wata 'yar jijiya mai kawo jini ta ɓulle cikin mai mayar da jini, ƙofar ba ta fi bakin allura ba, amma ita ta hana lakar gaba ɗaya zubar da jininta. Likitoci fistula suke ce mata, kalmar da mun saba ji a maganar yoyon fitsari na mata, ma'anar dai ɗaya ce, hanya ta ɓulle tsakanin abu biyu da bai kamata su haɗu ba. Baba ya saurara ya ce, to ai sai a toshe hudar. Na ce shi ke nan Baba, aikin ke nan.

Tangarɗar jijiyoyin jini na laka kala-kala ce, akwai wadda jijiyoyin ke cukurkuɗewa a cikin lakar kanta kamar saƙar gizo, ita ta fi kama matasa kuma takan fashe ta zubar da jini farat ɗaya. Amma irin ta Baba ita ta fi yawa, kusan bakwai cikin goma na masu wannan matsala ita ce, kuma ta fi kama maza daga shekara 50 zuwa sama. Ba sabuwa ba ce. Tun 1926 wasu likitocin Faransa biyu, Foix da Alajouanine, sunka rubuta labarin majinyatan da ƙafafunsu sunka mutu a hankali, bayan rasuwarsu anka tarar da jijiyoyin laka sun kumbura. A 1974 Aminoff da Logue a Landan sunka bi tarihin masu ita, sunka ga kusan rabinsu sun nakasa sosai cikin shekara uku da fara raunin ƙafa in ba a yi komai ba, kuma su ne sunka kawo bayanin cewa cunkoson jini a jijiyoyin mayarwa shi ke kashe lakar. Lissafin da ake yi shi ne mutum 5 zuwa 10 cikin miliyan ɗaya a shekara. Za ka ce ai kaɗan ne. To ƙidayar 2006 ta ba jihar Sakkwato mutum miliyan 3.7, yau kuwa mun wuce haka nesa, ko an rage lissafin saboda yawancinmu yara ne ai akwai dattawa a ƙauyukanmu kowace shekara da ke kwance ana cewa sammu ne, ga Kebbi ga Zamfara ga 'yan uwanmu na Ƙonni. Ko a ƙasashen da ke da komai sai mai ita ya shekara ko fiye kafin a gano, saboda tana kama da cututtuka da yawa.

Maganar tafiya ba zan ja ta ba. Kawuna da ya taɓa kai matarsa jinya Indiya shi ya haɗa mu da wani asibiti a can, anka sayar da gonar fadama ɗaya da shanu biyu, 'yan kasuwar albasa sunka yi karo-karo, Allah shi biya su. Ni na raka shi, a keken marasa lafiya munka hau jirgi, da robar fitsari a jikinsa.

Can anka fara da gwajin da ake ce ma anjiyogiram. Ana zura siririyar roba ta jijiyar matsematsi a tura ta har babbar jijiyar da ta bi ta gaban ƙashin baya, sai a riƙa shiga ƙananan rassanta ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, ana fesa ruwan hoto ana dubawa har a kama wadda ke ciyar da hudar. Ya ɗauki sa'o'i. Sunka same ta a ƙasan tsakiyar baya ta hagu. Hanyar gyara biyu ce, ko a bi ta cikin robar nan a ɗura wani irin gam ya toshe hudar ba tare da an yanka ba, ko a buɗe baya a yanke jijiyar. Ni gam ɗin na so, wa ke son a yanka bayan ubansa? Sai babban likitan ya zana mani a takarda ya ce a'a, a jikin Baba reshen da ke ciyar da hudar daga shi babbar jijiyar da ke ciyar da ƙasan laka ta fito, wadda suke kira da sunan wani likita Adamkiewicz, in ɗigon gam ya kuskure ya shiga cikinta ƙafafun sun tafi ke nan har abada. Ya ƙara da cewa ko ba don haka ba tiyata ta fi tabbas, fiye da 95 cikin ɗari ana rufe hudar a aiki ɗaya, gam kuwa wani lokaci abin na dawowa.

Nan ne na zo kan abin da ya sa na ɗauko alƙalami. Na tambaye shi, likita in ka buɗe ka tarar da jijiyoyi birjik sun kumbura sun nannaɗe, ya za ka san wadda za ka yanke? Don ni a raina abin da ke ba ni tsoro ke nan, a yanke mai kyau a bar mai laifi. Ya ce tambayar da ta dace ke nan, da can likita da idonsa da hoton da anka ɗauka jiya yake dogara, ya duba launin jijiya, wadda ya kamata ta yi duhu in ya gan ta ja wur ya san jinin inji ne a cikinta. Yanzu kuwa akwai ƙarin shaida, wani koren ruwa da ake ce ma ICG.

Gari ne kore a 'yar kwalba, miligiram 25, ana dama shi da ruwa a ɗura ta jijiyar hannu ana tsakiyar aiki. Asalinsa ma ba na asibiti ba ne, kamfanin Kodak na masu hoto ya haɗa shi a 1955, a 1959 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi a jikin mutum, anka daɗe ana auna aikin hanta da na zuciya da shi, likitocin ido ma sunka ɗauka suna duba jijiyoyin bayan ido. Sai a 2003 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Jamus, Andreas Raabe, da abokan aikinsa sunka nuna ana iya kallon gudun jini da shi ana cikin tiyata, daga baya anka saka kyamarar a cikin babban madubin da likita ke leƙawa yana aiki, daga ƙwaƙwalwa abin ya gangaro zuwa laka. Sirrinsa biyu ne. Da ya shiga jini sai ya manne da sinadaran furotin na jinin, don haka bai tsiyaya waje, duk inda ka gan shi to cikin jijiya yake. Sannan in anka haska shi da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon ɗan Adam bai gani, mai tsawon zango wajen nanomita 800, sai shi ma ya mayar da nashi hasken, kyamara ta kama. Wannan a aji nake koya ma yara, kuma kowa na iya gwadawa a gida, ka ɗauki rimot na talabijin ka danna kana kallon bakinsa ba za ka ga komai ba, ka saita kyamarar waya a kai ka danna, a yawancin wayoyi za ka ga yana ƙyaftawa. Shekara da shekaru ina nuna ma ɗalibai wannan, ban taɓa kawowa a raina wata rana irin hasken nan za a leƙa bayan mahaifina da shi ba.

Kwana biyu bayan aikin likitan ya kira ni ofis ya kunna mani bidiyon, don na roƙe shi tun farko. Sun cire ɗan ɓangaren ƙashi ta baya, sun tsaga jakar, ga laka nan fara sol, a kanta jijiyoyi jajaye sun yi kwance-kwance kamar taliya. Sai hoton ya koma baƙi ƙirin, ya ce yanzu an ɗura ruwan, ka kalli gefen hagu. Na ƙura ido, daƙiƙoƙi kaɗan ba komai, sai wani ɗan zare ya kama fari fat daga jikin jakar, tun kafin sauran wurare su farka, hasken ya bi shi ya hau kan laka ya watsu cikin murɗaɗɗun jijiyoyin nan sama da ƙasa kamar wuta ta kama zana. Ya mayar da bidiyon baya ya rage gudu, ya sa bakin biro ya ce ka ga inda ya fara? Jijiyar mayarwa ba ta da hurumin haskawa da wuri haka, sai masu kawowa sun gama tukuna, tunda ta riga kowa to ita ce ɓarauniyar hanya, kuma ga alƙiblar da jinin ke bi, baya yake komawa. Sai ya nuna mani wata siririya kusa da ita, tazararsu ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, ya ce wannan kuma ita ce wadda in na taɓa na cuci babanka.

Sai sunka maƙala ɗan kilif mai matse jijiya na wucin gadi a kan ɓarauniyar hanyar, sunka jira mintoci, don hanta na kwashe ruwan da sauri, cikin minti uku zuwa huɗu rabinsa ya bar jini, ta ruwan matsarmama yake fita ba ta ƙoda ba, shi ya sa ana iya maimaitawa a aiki ɗaya. Anka sake ɗurawa. Wannan karon zaren nan bai kama ba, ya tsaya baƙi, siririyar ta kusa da shi ta haska lafiya lau, murɗaɗɗun kuma sai can daga baya sunka ɗan yi haske a hankali yadda ya kamata. A nan ya ƙone ta ya yanke. Da hoton ya koma mai kala jijiyoyin da ke ja ɗazu sun yi duhu sun saki. Wallahi Malam Edita ina zaune gaban baƙon mutum a ƙasar da ba tawa ba hawaye sunka zubo mani, duk bidiyon bai kai minti biyar ba, wata goma sha tara na wahalarmu ga inda ya fito, abin da bai kai zaren ɗinki kauri ba.

Kada wani ya ɗauka koren ruwan nan shi ne magani, ko shi ke gano cutar, a'a, shaida ne kawai a hannun mai aiki. Likitan da kansa ya ce mani abin da ido ke iya kaiwa kaɗai yake nunawa, hasken bai ratsa ƙashi, bai ratsa gudan jini, abin da ya nutse cikin laka bai ganinsa, shi ya sa a irin cukurkuɗaɗɗiyar nan ta cikin laka taimakonsa ragagge ne, saman kawai zai nuna. Bai maye gurbin anjiyogiram ba, in ba a san gaɓar da za a buɗe ba ai ba inda za a haska. Kuma akwai sinadarin aidin a cikinsa, sai da sunka tambaye mu ko jikin Baba na ƙin aidin kafin su yi amfani da shi. Amma ba shi da tururin hoto irin na eksire, ba sai an tsayar da aiki an turo wata ƙatuwar na'ura ba, maɓalli ne a jikin madubin, kuma likita zai rufe bayan mutum yana da yaƙinin ya yanke abin da ya zo yankewa. A wuri irin laka inda kuskuren ƙwayar gero ke kwantar da mutum har mutuwarsa, ni a ganina wannan ba ado ba ne.

To ina roƙon gwamnatocinmu na wannan yanki da masu hannu da shuni su dubi wannan fanni. Allah ya ba mu cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a nan Sakkwato, mutane na zuwa daga Kebbi da Zamfara har daga Nijar, muna da 'ya'yanmu da sunka yi karatun nan mai tsawo sunka zauna gida ba su gudu ba. Irin wannan wuri shi ya cancanci a yi ta zuba mashi kaya, madubin tiyata na zamani mai wannan kyamara, ɗakin anjiyogiram, wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin gyara in abu ya lalace, da tura matasan likitoci su ƙaro ilimi su dawo. Ruwan kansa ba shi ne mai tsada ba, madubin ne, kuma madubi ɗaya zai yi ma dubban mutane aiki, masu kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa ma da shi ake duba su. Mu mun samu gonar sayarwa. A cikin jirgin dawowa na yi ta tunanin wanda ba shi da ko akuya, shi ina zai nufa? Attajiranmu na gina masallatai Allah shi karɓa, amma dattijon da zai taka zuwa masallacin shi ma a taimaka mashi da ƙafar zuwa.

Sai dai ko an kawo madubi goma, wanda anka kawo a makare lakarsa ta riga ta lalace, don abin da ya mutu a laka bai cika dawowa ba. Shi ya sa maganata ta fi yawa ga 'yan uwana na gida. In dattijo ya fara cewa ƙafafunsa duka biyu na nauyi in ya yi tafiya ko tsayuwa, yana jin kamar auduga yake takawa, abin kullum gaba yake yi, to wani cikin 'ya'yansa maza ya cire kunya ya tambaye shi lafiyar fitsari da bayan gida, don shi ba zai faɗa da kansa ba, iyayenmu sun gwammace su mutu da abu da su furta irin wannan gaban ɗa. In amsar ta nuna akwai matsala a nufi likitan jijiya kai tsaye. Ba lallai irin cutar Baba ba ce, a wajenmu tarin fuka na ƙashin baya ma na kwantar da mutane, ga ciwon daji da ke yaɗuwa zuwa baya, ga faifan baya da ke zamewa ya danne jijiya, duka dai hoto ne ke rabewa ba hasashe ba, kuma duka suna son a zo da wuri. Masu kemis kuma don girman Allah ku riƙe allurar deksa ɗin nan in ba ku san abin da ke damun ƙafar mutum ba. Likitocinmu na ƙananan asibitoci na san aiki ya yi maku yawa, layi har waje, amma ƙashin ƙugu da ya ci a hoton ɗan shekara sittin kusan kowa na da shi, kada ya rufe maku ido daga abin da ke sama da shi.

Baba ya fara motsa yatsun ƙafa tun muna can. Da munka dawo anka shiga gashi, wata da watanni, ƙanena ke kai shi a Keke Napep sau uku a mako, a gida kuma munka kafa mashi gora biyu a tsakar gida yana dafawa yana takawa, Inna na zaune kan tabarma tana ƙirga mashi. Daga gora ya koma sanduna biyu, yanzu sanda ɗaya. Fitsarin ne bai dawo daidai ba, likitan dama ya faɗa mana shi ya fi taurin dawowa, har yanzu sai da dabara, kuma tafin ƙafarsa ta hagu bai ji sosai, don haka munka saya mashi takalmi mai maɗauri a dunduniya. Kasuwa ƙanena ya karɓa, Baba ta waya yake ciniki. Azumin da ya wuce ya yi asham a masallacin unguwa, raka'o'in farko a tsaye sauran a kan kujera, kuma ranar salla da kansa ya sa anka kai shi gidan abokin nan nasa da anka zarga, sunka daɗe a zaure su biyu.

Na gode Malam Edita, Allah shi ba marasa lafiyarmu lafiya na gida da na asibiti.

Naku,
wani malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.